Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa Kwamfutar Gem A Nguru Da Gashuwa



Tun da Jami'ar Tarayya ta zo Gashuwa a 2013, ga kuma ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, samari sun yawaita shigo muku da waya a hannu, bidiyon YouTube a buɗe, suna cewa, "Oga, irin wannan nake so, amma kuɗina kaza ne." Roƙona gare ku shi ne, kafin ku tambayi yaro wane gem zai buga, ku tambaye shi da wace wuta zai kunna na'urar, a wane ɗaki kuma zai ajiye ta.

Mai bidiyon nan a ɗaki mai sanyi yake zaune, wutarsa ba ta ko ƙiftawa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, kuma duk abin da ɗaki ya ƙara na zafi, kusan shi furosesa da katin hoto za su ƙara. Idan furosesa irin Ryzen 5 5600G ta kai digiri 95, da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Sai gem ya fara tsinkewa ana tsakiyar wasa, mai shi ya rantse an cuce shi, alhali babu abin da ya mutu a ciki.

Saboda haka ku riƙa lissafi da wat kafin ku yi da naira. Ita 5600G, wadda ta fito a 2021, wat 65 aka ƙiyasta mata, kuma da sashen hotonta a jikinta. Za ta ja GTA V da tsofaffin PES, har da eFootball idan an rage kyan hoto. Ɗalibin da ya dogara da sola da batir ɗaya, wannan ce tasa. Sharaɗin dai a sa mata RAM guda biyu, takwas da takwas, domin daga RAM take aro abin da take zana hoto da shi, sanda ɗaya mai giga 16 kuma shaƙe ta yake yi. In tsohon bod B450 ne, a duba ko an sabunta BIOS ɗinsa tun a wurin mai sayarwa.

Wanda ya nace sai sabon gem ɗin ƙwallo, ku gaya masa gaskiya. FC 24 ma da ya fito a 2023, mafi ƙarancin abin da kamfanin EA ya nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, da wurin ajiya giga 100. A nan ne RX 580 ke jan hankalinku idan kun shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, don ga giga 8, ga araha. Ban ce ba shi da ƙarfi ba, ya ma fi GTX 1650. Amma wat 185 yake sha shi kaɗai, ita kuwa 1650 wat 75 ce, yawancinta ko waya ta daban ba ta buƙata. Ku auna bambancin nan a kan ƙaramin janareto, da kuɗin fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023.

Akwai kuma tarihin RX 580 ɗin. Kati ne na 2017, kuma da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru dare da rana suna haƙar kuɗin kirifto, har zuwa Satumbar 2022 da Ethereum ta daina amfani da katin hoto, aka juye su kasuwannin duniya. Wasu an wanke su, an sake musu fanka da kwali, sun dawo da sunan sababbi. Wanda aka rubuta wa 2048SP a jiki kuwa, a aikace RX 570 ne da sunan yayansa. Haka ake samun tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce, takan tona irin wannan asirin. Ku jona katin a gaban mai shago, ku ba shi aiki mai nauyi na rabin sa'a, kuna kallon zafinsa. Wanda ya ƙi yarda a gwada, ku yi masa sallama. Ni ba na son a yi odar katin hannu ta waya a ba direba a tasha, domin mayar da shi Kano daga Nguru asarar yini ce da kuɗin mota. Idan aljihun mai saye ya ɗan yi nauyi, RX 6600 mai wat 132 ya fi su duka dacewa da garuruwanmu.

Inda na fi jin takaici shi ne fawa fak. An kashe kuɗi a kati, sai a ɗauko wata mara suna, sakayau a hannu, an rubuta mata 650W. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi, ba ita kaɗai za ta tafi ba, da bod za ta tafi. Ku nemi ta sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, ko da wat 450 ce, ku kuma sa kuɗin sitabilaiza ko UPS cikin lissafin farko, kada ya zama "in an samu daga baya". Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: in ta ƙone, ba ɗan kasuwar Kano za a zaga a majalisa ba, ku za a zaga.

Tsofaffin kwamfutocin ofis, Dell OptiPlex da HP EliteDesk, hanya ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai siririyar cikinsu gajeren kati kawai take ɗauka, kuma fulogin wutarta na kamfanin ne, ba ya shiga da na kasuwa. Ku kuma tuna Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga Intel ƙarni na takwas yake farawa. SSD ba abin muhawara ba ne, a sa kawai, a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo in na hannu ne.

Akwatin gilashi mai fitilu kala-kala, na san yara na sonsa, amma gabansa a toshe yake. Ku zaɓi mai raga da matatar ƙura, a ɗora shi kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa. Iskar hunturu da ke sauko mana ta wajen Yusufari ba ta barin fanka lafiya, don haka ku sa wa mai na'ura rana biyu a shekara: bayan hazo ya ɗauke a hure ta da bulowa, kafin bazara a sauya man da ke kan furosesa.

Mai son buɗe gidan gem don ƙwallo kawai, ku ce masa ya sayi PS4 na hannu, ko da cinikin ya wuce ku. Wanda kuka haɗa wa kwamfuta kuwa, ku rubuta masa suna da lambar kowane kaya a rasit, da wanda yake sabo da wanda yake na hannu, ku ajiye kwafi a shago.