Suna Linzami Ne, Girman Kai Rawanin Tsiya

'Yan uwa mazauna Sabo, Agege, Shagamu da sauran unguwanninmu na kudu. Yau ina so in taɓo maganar 'yan wasan kwaikwayo, musamman samarinmu da ke kafa ƙungiyoyin dirama a nan, sai ka ji ƙungiya ta watse kafin ta shekara. Idan ka bincika, rigimar ba ta wuce wane ne zai fito a jarumi, ko sunan wa za a fara rubutawa a fosta.

Ni dai ban ga laifin mai buri ba. Hubert Ogunde ɗan sanda ne, ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyar wasa a Legas a shekarun 1940, ya riƙa yawo da ita gari gari. A 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa saboda Yoruba Ronu, ba a ɗage hanin ba sai 1966. Mutumin da ba shi da buri ba zai jure wannan ba. Amma burin nasa na aiki ne, sunan kuma daga baya ya biyo.

Mu duba namu na gida. Mutum nawa ne suka san Usman Baba Pategi? Amma ka ce Samanja, yaro da babba sun gane. Banufe ne, tsohon soja, ya yi suna da harshen Hausa a Kaduna har ya rasu a 2023. Haka Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014, duniya Ibro ta sani. Makwabtanmu Yarbawa ma Baba Sala suke cewa, ba Moses Olaiya ba. Duk waɗannan, 'yan kallo ne suka liƙa musu sunan rawar da suka taka, don ta shiga ransu. Ba fosta ce ta yi musu ba.

Kuma suna kaɗai ba ya riƙe mutum. Baba Sala yana kan ganiyarsa aka saci fim ɗinsa Orun Mooru na 1982 aka bazu da shi a kasuwa, bashi ya yi masa katutu shekara da shekaru.

Abin da ya sa nake jin zafin wannan magana shi ne mu baƙi ne a nan. Dirama na cikin 'yan abubuwan da ke sa yaranmu da aka haifa a kudu su ji Hausa mai daɗi, su yi dariya da ita. Duk ƙungiyar da girman kan mutum ɗaya ya rusa, asarar ta unguwa ce baki ɗaya. Jarumi ba ya tsayuwa a dandali sai da mai rubuta labari, da mai kiɗa, da wanda ya fito a ɗan aike. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka samari, wanda aka ba ƙaramar rawa ya karɓa ya gyara ta. Idan ta yi kyau, 'yan kallo ba sa mantuwa. Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan magabatanmu.