Wa Zai Cike Ramin?



Mu nan Dogon Kiriya ba mu da ramin zinariya. Amma ku shiga unguwa ku tambayi inda samari suke, za ku ji wane yana Jado, wane yana Cibarakaten, wane bai daɗe da dawowa daga Ɗan Isa ba. Tunda hannun 'ya'yanmu na cikin ramukan nan, bakinmu ma sai ya shiga maganar. Maganar kuwa ɗaya ce: in zinariya ta ƙare, wa zai cike ramin?

Abin da muke kira rufe mahaƙa a ƙasar nan shi ne a karanta sanarwa, a turo jami'an tsaro, a kori mutane. Shi ke nan, wai an rufe. An rufe Jado a 2017, shekara uku da gano zinariyarta. An rufe ta Ɗan Isa, can jihar Maraɗi, bayan rami ya rufta ranar 7 ga watan Nuwamba 2021, mutum 18 aƙalla suka rasu, Allah ya jiƙansu. To, mutane sun ji sanarwa sun watse. Rami kuwa ba ya jin sanarwa. Duk inda aka bar shi, yana nan baki buɗe, yana jiran damina, yana jiran saniyar makiyayi, yana jiran yaron da aka aika itace.

Ni dai ba yaron da ke cikin rami nake tuhuma ba. Mai rami nake tuhuma. Mai rami ba ya shiga rami. Shi ke kawo janareta da igiya da injin niƙa da buhun shinkafa, shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Ranar da dutse ya daina bayarwa, mai rami ya loda injinsa a mota, sai wata mahaƙar. Mai gona, da aka lallaɓa da 'yan jikkuna, a bar shi da filin da ko jaki ba ya ratsawa da dare. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Mai rami ya ci lada, aski kuwa ya bar wa mai gona.

Kada kuma wani ya ce ai an kawo katafila ta tura ƙasa. Tura ƙasa ba gyara ba ne. Kowane manomi ya san ƙasar da ke ba da hatsi ita ce ta sama, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Ita ya kamata a kwashe a tara gefe tun kafin a sa diga. In an gama, duwatsu su fara komawa, sannan jar ƙasa, a daddale, sannan a shimfiɗa ta saman. Sai taki, sai ciyawa, sai bagaruwa da aduwa, sai shinge, sai mai gadi. In aka birkita wannan tsari, tsakuwa ta hau sama, ƙasar noma ta nutse, ka yi shekaru kana shuka kana girbar haushi.

Wannan ma wanda ido ke gani ke nan. Wurin wankin zinariya ya fi ramin haɗari, don can ne sinadarin makuri ke zama cikin laka, ruwan sama ya ja shi zuwa tafki. Ku tuna Zamfara a 2010. Dutsen zinariyar can yana ɗauke da dalma, aka riƙa niƙa shi cikin gidaje, inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu. Likitoci suka ce magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma cikin ƙurar. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida, a binne ta nesa, a kawo sabuwa a zuba. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai 2013. Ina masu ramin a lokacin? Wa ya ga ƙeyarsu?

Abin takaicin, babu wanda zai koya mana gyaran ƙasa. Ku hau fako ku gani. Iyayenmu mata, da felu da diga, cikin zafin bazara, suna tona ramuka masu siffar rabin wata don ruwa ya tsaya, ciyawa ta fito. Uwa tana nan tana raya fakon da ya mutu, ɗanta yana can yana kashe gonar wani, ribar kuma tana aljihun mai rami. Haba jama'a!

Kai, tunda an zo nan, bari in faɗa. Mu ma muna da namu ramukan. Duk inda aka yi hanya, ku duba gefe, za ku ga inda aka kwashi birji aka tafi. Masu kwangila sun karɓi kuɗinsu cif, sun bar mana kududdufi. Damina ta cika shi, yara su mai da shi wurin wanka, sauro ya mai da shi gida. Sannan ranar 3 ga watan Agusta, ranar dashen itace, a sa manyan kaya, a dasa itace, a ɗauki hoto, kafin sati awaki sun yi kalaci da shi. Wa aka ɗora wa ban ruwa? Babu. Wa aka ɗora wa shinge? Babu. Halin ɗaya ne da na mai rami: a ci, a tashi, a bar wa na baya.

Doka ta ɗora wa mai haƙa nauyin gyara wurin da ya ɓata. Amma wa zai kamo mutumin da ya riga ya ƙetare hamada? Kuɗin cike rami, ranar da mai rami ya zo neman fili ya kamata a karɓe shi. Ranar nan mai rami yana da fara'a, yana da kuɗi, yana kuma tsoron a hana shi. Kafin diga ta taɓa ƙasa, a rubuta sunansa, a auna filin, ya ajiye kuɗin gyara a asusun da magajin gari da hakimi da mai gona suka sani. Ya cike, a duba, a mayar masa. Ya gudu, a ɗauki samarin garin aiki da kuɗinsa.

Sarakunanmu, hakimai, da ku masu gonaki: duk wanda ya zo muku da na'ura da daɗin baki, ko zinariya yake nema ko birji, ku tambaye shi wa zai cike ramin. In ya fara kame-kame, kada ku ba shi ko taku ɗaya.