Kafin mu lafta wa sauran tsakar gida siminti

Gidajen Nima da Maamobi ba su ƙara faɗi ba tun ina yarinya, ɗakuna ne kawai suke ta ƙaruwa a cikinsu. Da zarar kuɗi ya shigo hannun mai gida, ko ɗansa ya aiko da wani abu daga Italiya ko Amurka, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ya tayar da ɗaki a tsakar gida, ko ya fasa katanga ya fitar da shago a bakin hanya. Ɗan filin da ya rage kuma a kira magini ya shafe shi da siminti ƙaf. Ban ga laifin kowa ba, haya kuɗi ce, musamman a garin da ake karɓar na shekara biyu kafin a miƙa wa mutum makulli. Amma ina so mu tsaya, masu gidaje da 'yan haya, mu yi lissafin abin da muke binnewa a ƙarƙashin simintin nan, domin a ganina ya fi kuɗin ɗaki ɗaya daraja.

Unguwar nan da kiwo aka kafa ta. A shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sauka a Nima, lokacin wurin daji ne a bayan gari. Waɗanda suka biyo bayansa, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Dagomba da Kotokoli, da tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, kusan duk 'ya'yan manoma ne da makiyaya. Ba sa iya zama a gidan da babu kaza ko tunkiya. A 1972 kuma, da gwamnatin Acheampong ta fito da shirinta na kowa ya ciyar da kansa, aka riƙa shuka masara da rogo a filayen makarantu da bayan ofisoshi a cikin Accra. Kakata ta sha ba mu labarin kuɓewa da yakuwar da ta shuka a lokacin, a daidai wurin da yanzu ɗakuna uku na haya suke tsaye.

Ni tela ce, ina haya a Maamobi tare da mijina da 'ya'yanmu. A bayan ɗakinmu akwai wani zirin ƙasa tsakanin bango da katanga, faɗinsa bai kai tabarma biyu ba. Da na ji mai gidan na shirin shafe shi, na same shi bayan la'asar na gaishe shi, na ce, "Baba Alhaji, alfarma nake nema. Ku bar mini wurin nan in sa kaji." Ya dube ni ya ce, "'Yata, kaji a gidan haya? Ƙazanta fa, da faɗa da maƙwabta?" Na ce masa in har ya ji wari, ko wani ya kawo ƙara, ranar nan zan yanka su. A kan wannan sharaɗi ya yarda, kuma har yau bai ji warin ba.

Akurkin da akwatunan tumatir muka yi shi, irin na katako da ake sauke wa 'yan kasuwa a Nima ranar Laraba. Mijina ya ɓaɓɓalle su, ya haɗa, ya ɗora akurkin bisa bulo don kada ruwan damina ya shiga, muka zagaye shi da ragar waya saboda ɓeraye da kyanwa. Ƙasansa garin katako ne da nake karɓowa wurin kafinta kyauta. Kaji biyar ne a ciki da zakara ɗaya. Abincinsu yawanci abin da dā ake zubarwa ne a gota: ragowar waakye, ƙanzon tuwo da aka jiƙa, ganyen da aka tsince, da dusar gero da maƙwabciyata mai koko take ajiye mini bayan ta tace gasara. Nakan ƙara musu da dusar masara daga wurin mai inji, da ɓawon ƙwai da na ƙona na daka, don ƙwansu ya yi ƙwari.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kajin suka canja ɗana na tsakiya. Yaro ne da in aka ba shi waya sai an ƙwace da ƙarfi. Da ja daga cikin kajin ta fara kwanci, na ba shi gawayi na ce ya riƙa jan layi a bango kullum da safe, domin kwana 21 kaza take yi a kan ƙwai. Shi ke canja mata ruwa, shi ke lura da lokacin da take sauka ta ci abinci ta yi wankan ƙasa ta koma. Ana saura kwana guda na ɗauko ƙwai ɗaya na kara masa a kunne, ya ji ɗan tsako yana kuka a ciki, yana ƙwanƙwasa ɓawo. Washegari kafin kiran asuba ya tashi. Ba duka suka ƙyanƙyashe ba, biyu sun yi bara-gurbi, daga baya kuma tsako ɗaya ya mutu, yaron ya yi kuka, ya haƙa rami ya binne shi. A makaranta malam yana gaya musu cewa Allah ne mai rayawa mai kashewa, kuma dabba amana ce a hannun mai ita. A bayan ɗakinmu ya ga haka da idonsa.

Ba zan ce kaji biyar za su ciyar da iyali ba. Kazar gida takan yi ƙwai goma sha wani abu ta tsaya, ba kamar ta gona ba. Amma akwai safiyar da yara za su tafi makaranta babu kuɗin ƙosai, sai in soya musu ƙwai biyu. Akwai ranar da baƙo zai sauka, ko a yi suna a gidan 'yar'uwa, in kama zakara in kai. Kuma na san abin da kazata ta ci, na san wanda ya yanka ta da sunan Allah. Mafi yawan kajin da ake ci a Ghana yau cikin ƙanƙara suke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, daga Brazil da Amurka da ƙasashen Turai, ana biya da dala. Gwamnati ma ta gane haka, shi ya sa a 2025 ta fito da shirin Nkoko Nkitinkiti na raba kaji ga gidaje. Ina maraba da shi. Tambayata ita ce, matar da ke zaune a ɗaki ɗaya a Nima, wadda ko wurin shanya sai ta yi layi, ina za ta ajiye nata? In ba a yi maganar wuri ba, shirin zai tsallake zango ya wuce ƙauye.

Masu ƙin kiwo a cikin gari suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Kazar da aka saka tana yawo lungu-lungu, tana tonon gota, ta dawo ta hau kwanon abinci, cuta ce take rabawa. Ni ma ba na goyon bayan wannan. Wanda ba zai iya killace kajinsa ba, ya share ƙarƙashinsu duk mako, ya hana yara cin abinci kafin su wanke hannu da sabulu, to ya haƙura da kiwo. Sannan akwai ciwon da ke zuwa da hunturu, wanda za ka ga kaza ta sunkuyar da kai, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama wayam. Yana da rigakafi da ake ɗiga wa kaza a ido, jami'an kula da dabbobi suna da shi, kuma ba shi da tsada, amma yawancin matan unguwarmu ba su taɓa jin labarinsa ba, sai dai su jiƙa barkono da ganyen darbejiya su yi ta addu'a. Murar tsuntsaye kuma ta ɓulla a ƙasar nan a 2007 da 2015 da 2021. In kaji suka fara mutuwa a jere, ba a yanka su a ci, rahoto ake kaiwa. Wannan ilimi ne da ya kamata a riƙa faɗa a wurin wa'azin mata da taron suna.

Kashin kajin shi ya kai ni ga shuka. Nakan tara shi da garin katakon a tsohon buhu in bar shi ya kwana makonni, domin ɗanyensa yana ƙona saiwa. In ya ruɓe ya yi baƙi, sai in gauraya da ƙasa in zuba a jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor, waɗanda suka fashe suka daina riƙe ruwa. Ina yanke samansu, in huda ƙasan da ƙusa mai zafi, in jera su a jikin katanga inda rana take faɗawa da safe. Akwai ayoyo, akwai alayyafo, akwai barkono da na'a-na'a, da zogale guda da nake datse kansa don kada ya wuce katanga. Irin ayoyo sai an tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci kafin a shuka, in ba haka ba ya ƙi fitowa. Wata tsohuwa 'yar Bawku ce ta koya mini. Cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki ana fara tsinka, kuma in an tsinki kan sai ya yi rassa.

Za a ce ina ruwan, a unguwar da famfo ke yin kwanaki bai zo ba? Ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye nake zuba musu, da ruwan alwala da muke tarawa a roba. Ku duba yawan masallatan da ke tsakanin Nima da Maamobi, da ruwan alwalar da ke gangarawa gota sau biyar a yini. Da kowane masallaci zai karkatar da shi zuwa gindin itace biyu, da masu jiran salla sun sami inuwa. Masu lambun Dzorwulu, waɗanda ke noman latas da kabeji a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da yawansu 'yan'uwanmu ne daga arewa da Burkina Faso, sun daɗe da nuna cewa ƙasar Accra tana ba da abinci. Matsalarsu ruwan rafi ne da ƙazantar gari ke shiga. Ganyen da na shuka a jarka na san ruwan da ya sha. Kuma duk wanda ya sayi albasa a 2023, bayan juyin mulkin Nijar da rufe iyakoki, ya san yadda tukunyar miyarmu ta rataya ga motocin da ke tasowa daga nesa.

Simintin yana da wata illar. Ƙasa tana shan ruwan sama, siminti kuwa tura shi yake yi gaba. Duk gidan da aka shafe, ruwansa babbar gotar Nima yake nufa, daga nan zuwa kogin Odaw. Ba mu manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle suka ci rayuka fiye da ɗari. Dalilan ambaliyar Accra suna da yawa, shara da gine-gine a kan hanyar ruwa suna gaba, amma tsakar gidajenmu ma suna cikin lissafin.

A shagona ma ba na zubar da ƙyalle. 'Yata ta fari tana yanka ragowar atamfa siri-siri, ta kitsa su, ta ɗinke su zagaye su zama abin goge ƙafa, tana sayarwa a gidan biki. Ledojin ruwan sha da suka cika mana lunguna kuma a cikinsu muke renon barkono kafin a dasa. Yarinyar da ta saba yin abu da hannunta ba ta kallon kowane abu a matsayin shara.

Sai maganar fita da yara, wadda ta fi ci mini rai. Muna yara gidan namun daji a Kanda yake, da ƙafa muke zuwa daga Nima ranar Salla. A 2006 aka kwashe dabbobin don a gina fadar shugaban ƙasa, daga baya aka sake buɗe shi a dajin Achimota. Yaranmu na yau, in an ce yawon Salla, bakin teku ne da kiɗa, ko babban kanti mai sanyi. Alhali Aburi ba nisa, trotro ɗaya ne daga Madina, kuma lambun itatuwan garin yana nan tun 1890. Ranar da muka haɗa kuɗi da matan gidanmu muka kai yara, muka dafa shinkafa muka tafi da tabarma da buta, na ga yarinya 'yar shekara goma ta tsaya sororo a gaban itacen koko. An haife ta a ƙasar da duniya ta sani da koko, amma ba ta san cewa a jikin kututture 'ya'yan suke fitowa ba. Yara takwas suka riƙe hannu suna ƙoƙarin zagaye gindin wani tsohon rimi, suka kasa. Lambun Legon ya ma fi kusa. Dajin Achimota kuwa, wanda aka keɓe tun 1930, mun ga hayaniyar da ta tashi a 2022 da aka cire wani ɓangarensa daga kariya. Yaron da bai taɓa shiga dajin ba, in ya girma ba zai tashi ya kare shi ba.

Don haka roƙona ga iyayenmu masu gidaje shi ne, in za a shafe tsakar gida, a bar ko da zira'i biyu a jikin katanga. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su sa fita ɗaya a shekara cikin tsarinsu, kamar yadda suke tsara walimar sauka. Majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, waɗanda aka kafa a 2018 don su matso kusa da mu, su turo jami'in dabbobi ya zagaya da rigakafi kafin hunturu, a sanar a masallatai ranar Juma'a. Asusun Raya Zango da aka yi wa doka a 2017 kuma, ban da filayen ƙwallo, ya duba ƙananan abubuwa irin su ragar waya da iri da horar da ƙungiyoyin mata. Mu mata muna da adashi a kowane gida. Zubi ɗaya ya isa a yi akurki, wani zubin ya isa a ɗauki shatar mota zuwa Aburi.