Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

A 'yan shekarun nan wata magana ta zama ruwan dare a zaurukan Gombe, tun daga Jekadafari har Tudun Wada, wai wayar hannu ta lalata ɗalibai masu koyon aikin jinya, saboda haka maganin abin shi ne a ƙwace ta. Mu dai a ganinmu an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ba mu musanta illar ba. Tun da wayar tafi-da-gidanka ta bazu a Nijeriya daga 2001, Facebook da WhatsApp da TikTok suka biyo baya, dare ya daina zama lokacin barci ga matasa. An tsara waɗannan kafofi ne yadda mai kallo ba zai iya ɗauke ido ba, domin da lokacinsa ake cinikin talla. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa takardun kamfanin, waɗanda suka nuna shi kansa ya san Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar surar jikinsu.

To amma ruwa ba ya tsami banza. A dubi yarinya 'yar shekara 19 da aka tura aikin dare a ɗakin haihuwa. A gabanta mace ta cika, ta wanke hannu ta koma ɗakin kwana. Wa za ta faɗa wa? A gida a ce ta yi haƙuri. In ta ce barci ya ƙaurace mata, a ce iska ce. A makaranta kuwa tana tsoron a kira ta mai taɓin hankali. Sai ta buɗe waya neman sauƙi, ta tarar da hotunan tsararrakinta da suka sami aiki a Ingila, da na masu biki da lefe. Ta je sauke kaya, ta dawo da ninki biyu. A ƙwace wayar, damuwar tana nan daram.

Mu malamai ma da namu laifin. Mu ne ke aika sanarwar jarrabawa ta WhatsApp da tsakar dare, gari ya waye mu zargi ɗaliba da gyangyaɗi.

A Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka a takarda ba ta share hawaye. Abin da muke nema shi ne kowace makarantar jinya a Gombe ta sami ƙwararren mai ba da shawara mai riƙon sirri. Duk ranar da aka yi rashi a ɗaki, babbar ma'aikaciya ta zauna da ɗalibai su tattauna. A kuma koyar da illar rashin barci da jarabar waya a cikin aji.

Hannun da zai yi mana allura gobe, yau yana rawa. In ba mu riƙe shi yanzu ba, kada mu yi kuka da kowa.