Gari ba na masu babur kaɗai ba ne

Tun 2011 da Tibiri ta zama departama, kowa bakinsa "gari ya ci gaba". An yanka parsel har cikin gonaki, layi miƙe sambal. To, ci gaban wa?

Kakata ta haura saba'in. A tsohuwar unguwa, daga ƙofar gida zuwa kasuwa akwai dakali, akwai inuwar bedi. In ta gaji ta zauna, a gaisa, ta tashi. Da kawuna ya yi gini a sabon lotisma ya maida ta can, sai ta koma kamar ƴar kaso. Rairayin Dallol Mauri na haɗiye sanda, ba itace ko guda, famfo nesa, likita nesa. Wai ta hau kabu-kabu. Da wane ƙugu?

Za a ce ai kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, tsofaffi kaɗan ne. Haba! Hanyar da tsohuwa za ta bi lafiya, ita mai ciki za ta bi, ita ɗan lakwal zai bi.

Don haka kafin a saida parsel ko ɗaya, a ware filin likita, na famfo da na ƙaramar kasuwa, kuma kar a saida su a ɓoye daga baya. Kowane layi a dasa itace, a gina dakali. Ƴan'uwa, mu tsare masu yankan filaye da tambaya: ina tsoho zai huta? Mu da ke tsere bisa babur yau, gobe mu ne masu sanda.