Dazuzzukan Taraba Ba Na Katako Kaɗai Ba Ne

Akwai irin gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Ita ce ta ma'aikacin da ya wuni yana tilasta wa hankalinsa tsayawa a kan lissafi da takardu, ga ƙarar janareto, ga hayaniyar motoci, har ya kai ga karanta layi ɗaya sau uku bai fahimta ba.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1989 Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan a Amurka sun bayyana cewa hankalin da ake tilasta wa aiki yakan gaji kamar yadda damtse ke gajiya, amma kallon itatuwa da gajimare da ruwa mai gudu yakan ja hankali a hankali ba da tilas ba, sai ya samu ya huta. Tun a 1984 ma Roger Ulrich ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyata, tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, sun riga masu kallon bango barin asibiti.

To, wannan magani Allah ya jibge shi a Jihar Taraba. Wanda ya tashi daga Jalingo ya bi ta Bali zuwa Serti, ya iso ƙofar Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a Nijeriya, wanda aka kafa a 1991. Can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, babu kamarsa a ƙasar nan. Gaba kuma ga tsaunin Mambila da sanyinsa da gonakin shayi na Kakara.

Abin takaici, mun ga yadda aka yi wa itacen madobiya, wanda 'yan katako ke kira madrid, kisan kiyashi ana lodinsa zuwa Sin, har sai da aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018. Baƙon da ya biya kuɗin mota don ya ji kukan tsuntsaye ba zai dawo ba in ƙarar injin yankan katako ya tarar.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da ta tarayya su kula da hanyar Bali zuwa Gembu, su ƙarfafa wa masu gadin daji, su kuma ba mutanen ƙauyukan da ke kewaye rabonsu daga kuɗin baƙi, domin makiyayi da manomi ba za su tsare abin da ba su ga amfaninsa ba. Makarantun Jalingo kuwa su riƙa kai yara can ko da sau ɗaya ne a shekara.