Wa ke riƙe da rumbun bayananku?

A watan Afrilun bara, zafi ya kashe kwamfutar wata makaranta a unguwarmu, Hausari. Sakamakon jarrabawar yara da lissafin kuɗin makaranta duk suna cikinta, babu kwafi ko ɗaya a waje. Aka kira ɗan yayata, don shi ne "mai kwamfuta".

"Kawu, gyaran waya na iya," in ji shi. Duk da haka ya kwana uku yana koyon manhajar rumbun bayanai ta MySQL a waya, ya ceto rabin bayanan.

A ganina laifin namu ne. Tun da BVN ta zo a 2014, aka kuma tilasta haɗa layin waya da NIN a Disambar 2020, rayuwarmu ta koma cikin rumbun bayanai, amma mai kula da shi mun ɗauke shi ɗan aike. Dillali a kasuwar shanu ta Potiskum ba ya ba baƙo littafin bashinsa.

Kwalejin Ilimi ta Fasaha tana nan garin Potiskum. Ya kamata ta buɗe ajin yamma don masu kula da rumbun bayanai. Yaron dai yanzu kowace Juma'a yana kwafe komai, ya kai gidan hedimasta.